Yadda Ake Gane Tsohon Irin Wardi da Yadda Ake Rainonsa a Kaduna

Masu sha'awar fulawa a Kaduna sun sha tambayar abu ɗaya: me ya sa wardin da aka saya da tsada, ɗauke da ƙaton fure, ba ya kaiwa damina biyu, alhali ga wani can a bayan tsohon gida a Unguwar Rimi ko a harabar wata tsohuwar makaranta, ba mai ba shi taki, ba mai yi masa feshi, amma shekara da shekaru yana fure? Galibi amsar tana cikin irin. Na biyun tsohon iri ne ko jininsa, kuma a kan saiwarsa yake tsaye, ba aure aka yi masa ba, wato ba a ɗora reshensa a kan gindin wani wardi ba. Masana wardi sun sa iyaka a shekarar 1867, lokacin da aka fitar da 'La France' a Faransa: duk dangin wardin da aka riga aka sani kafin wannan shekara shi ne tsohon iri. Ba dukansu ne ke jure ƙasarmu ba, shi ya sa ganewa ke zuwa kafin shuka.

1. Fara cire waɗanda ba su ba ne

Ƙariya, wadda masu sayar da fulawa a bakin titi ke haɗawa da sunan ros, ba wardi ba ce. Tana da kumburarren gindi, ba ta da ƙaya, ruwan jikinta kuma guba ne. Wardi yana da ƙaya, ganyensa yana zuwa uku, biyar ko bakwai a kan sanda ɗaya, bakin kowanne da tsaga-tsaga.

Sai launi. In furen ruwan lemo ne mai haske, ko ja mai ɗaukar ido irin na tumatir, ko rawaya shar, galibi na zamani ne. Rawaya mai ƙarfi ba ta yaɗu a wardin lambu ba sai wajen 1900, ruwan lemo kuma bayan haka. Launukan tsohon iri su ne fari, ruwan hoda, ja mai duhu, ruwan madara da rawaya mai laushi. Haka nan in ka ga kara mai kauri ya miƙe sambal, fure guda ɗaya ƙato a kansa mai tsini a tsakiya, ganye manya masu kauri da sheƙi, wannan ma ɗan zamani ne.

Gargaɗi: duba gindin shukar. In akwai kumburi kamar gwiwa dab da ƙasa, wardin aure ne. Idan na saman ya mutu, na ƙasan yakan tsiro ya cika wuri da dogayen rassa masu ƙarancin fure, mutum ya ɗauka ya samu tsohon iri. Wata alama ita ce ɗan fiffiken da ke gindin ganye: in bakinsa ya yi gashi-gashi a jere, ga ƙananan fararen furanni a dunƙule, to gindin aure ne ya ƙwace. Kada a dogara da maganar cewa ganye bakwai alamar gindin aure ce, domin tsofaffin iri da yawa ganye bakwai gare su.

2. Gane dangin

Kada ka yanke hukunci da fure kaɗai. Duba abu biyar: sabon toho, ganye, ƙaya, wuyan fure, da sau nawa yake fure a shekara. A je da safe kafin rana ta yi zafi, lokacin ƙamshi ke fita sosai.

Ɗan Sin, wato dangin da asalinsa ƙasar Sin, shi ne ya fi sauƙin ganewa. Rassansa sirara ne masu yawa, ƙayarsa kaɗan ce mai lanƙwasa, ganyen ƙanana masu tsini da santsi, sabon toho ja. Furen bai cika girma ba, ƙamshinsa kaɗan ne, amma kusan duk shekara yana fitowa. Babbar alamarsa: furen yana ƙara duhu ne in ya kwana biyu a rana, maimakon ya koɗe. 'Old Blush' yana buɗewa ruwan hoda mai haske sannan ya yi duhu. 'Mutabilis' falle biyar kawai gare shi, yana buɗewa rawaya-rawaya, ya koma ruwan hoda, ya ƙare da ja, har ka ga launi uku a shuka ɗaya. 'Cramoisi Supérieur' na 1832 da 'Louis Philippe' na 1834 jajaye ne masu zagaye, sun yi kama ƙwarai, sai dai tsakiyar na biyun ta fi haske.

Wardin shayi ɗan'uwan ɗan Sin ne, amma ya fi shi girma da girman fure. Ƙullin furen dogo ne mai tsini, wuyansa ba ƙarfi, saboda haka furen yana sunkuyar da kai. Sabon ganyen ja ne mai duhu. Masu sabon hannu kan zaci sunkuyon ƙishirwa ce su yi ta ambaliya masa ruwa, alhali halittarsa ke nan. 'Duchesse de Brabant' na 1857 misali ne mai kyau.

Nuwazet mai hawa ne, yana son katanga ko rumfa, furanninsa a dunƙule suke zuwa, farare ko ruwan madara, kamar 'Lamarque' na 1830. 'Maréchal Niel' na 1864 rawaya ne mai laushi, shi ma da sunkuyayyen kai.

Burbon karansa ya fi kauri, furen cike yake da falle, ƙamshinsa mai ƙarfi, yana maimaita fure. 'Souvenir de la Malmaison' na 1843 shi ne sananne: fari mai ɗan ruwan hoda, in ya buɗe sai ya baje ya kasu kamar gida huɗu.

Ɗan Dimashƙa kuwa ganyensa ba ya sheƙi, kore ne mai toka-toka da ɗan gashi a ƙasa, ƙayarsa birjik, manya da ƙanana a gauraye, ƙamshinsa shi ne wanda alhazai suka sani a ruwan wardi da turaren Ɗa'ifa. Galika ganyensa kaushi gare shi, yana kuma tsirowa daga ƙarƙashin ƙasa ya bazu. Alba ganyensa yana da shuɗi-shuɗi.

3. Zaɓi wanda zai zauna a Kaduna

Ɗan Sin, wardin shayi da Nuwazet su ne namu. Ba sa bukatar sanyin ƙanƙara kafin su yi fure, kuma zafi bai dame su ba in akwai ruwa. Burbon yana yi, amma marka tana wahalar da shi: ganye ya yi baƙin tabo, furen ya jiƙe ya manne ya ruɓe bai buɗe ba. Galika, Alba da yawancin 'yan Dimashƙa sau ɗaya suke fure a shekara, kuma sai sun sha sanyi mai tsawo. Ɗa'ifa a kan tsauni take, kusan mita 1,800 sama da teku, Kaduna kuwa wajen mita 600. Wanda ya shuka su a nan zai iya samun ganye kore shar shekara uku bai ga fure ba.

Wanda zai fara, ya fara da ɗan Sin. Kuma reshen da aka yanko daga wardin da ya riga ya yi shekaru a Malali, Barnawa ko Kabala ya fi duk wanda aka sauko da shi jiya daga Jos, domin na Jos a sanyin tudu ya tashi, bazarar Kaduna ba ta gwada shi ba tukuna.

4. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Almakashin lambu mai kaifi, ko sabuwar reza ga siraran rassa. Sifirit na goge almakashi. Ledar raino baƙa, ko ledar ruwan sha da aka huda. Robar ruwa mai lita ɗaya da rabi da aka yanke gindinta. Yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, ba laka ba. Ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki. Diga, shebur, bokiti mai lita 10, da ƙaramar famfon feshi.

Reshe kyauta ne in ka roƙa. Almakashi da famfo sau ɗaya ake saya. Taki ana samu da sauƙi wajen masu kiwo ko a Zangon Tudun Wada. Abin da ke cin kuɗi shi ne ruwan rani, kuma gara a yi lissafinsa tun kafin a haƙa rami. Gindi ɗaya da ya kafu yana shan lita 10 sau uku a mako a bazara. Gindi goma lita 300 ke nan, wato jarka 12 mai lita 25 kowane mako. In daga 'yan ga-ruwa kake saye, buga wannan da farashin jarka a unguwarku, sannan ka san gindi nawa za ka iya riƙewa. Huɗu da suka ƙoshi sun fi goma sha biyu da ke fama.

5. Yanko reshe

Lokaci mafi kyau daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba: ruwa ya ɗauke, dare ya fara sanyi, ruɓa ta ragu. Farkon Yuni ma yana yi. A guji Agusta saboda ruɓa, a guji Maris da Afrilu saboda zafi.

Nemi izinin mai gida tukuna, kuma kada ka kwashe fiye da abin da shukar za ta iya mayarwa. Zaɓi reshen da ya gama fure kwanan nan, wanda fallen furensa suka zube. Gwada ƙayarsa da ɗan yatsa: in ta ɓalle tsaf, reshen ya isa, in ta lanƙwashe kawai, ɗanye ne. Tsawonsa ya zama santimita 15 zuwa 20, da ido huɗu aƙalla, wato wuraren da ganye ke fitowa a jikin kara. Kaurin fensir ya wadatar, ko da yake na ɗan Sin ba zai kai haka ba, kuma ba laifi. Yanka ƙasan dab da ƙarƙashin ido, saman kuma ɗan sama da ido. Cire busasshen fure da duk ganyen ƙasa, ka bar biyu na sama.

Gargaɗi: iskar hunturu tana busar da reshe cikin mintuna. Tun a wurin ka naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma ka sa a leda, kuma a kafa shi a ranar. Yi alamar sama da ƙasa, misali ka yanka ƙasan a karkace, domin reshen da aka kafa a juye ba ya saiwa. Yanko shida zuwa goma daga kowane iri, ba duka ke kamawa ba.

6. Kafa shi a leda

Haɗa yashi kashi biyu da ƙasar sama kashi ɗaya. Kada a sa taki ko kaɗan a wannan mataki. Taki a kan sabon yanka ruɓa yake kawowa. Huda gindin ledar wuri huɗu ko biyar, cika ta, jiƙa ta, bari ta tsane. Yi rami da fensir, sa reshen har ido biyu su nutse, danne ƙasar a gefe. In akwai garin sa saiwa da ake samu a shagon kayan gona, a ɗan dangwala ƙasan reshen a karkaɗe. In babu, ɗan Sin da wardin shayi suna kamawa haka nan.

Kifa robar ruwan a kansa da murfinta a buɗe. Ajiye a inuwa mai haske, kamar gindin katangar da rana ba ta bugawa. Rana ta taɓa robar nan awa ɗaya da tsakar rana, reshen ya dahu. Ɗora ledojin a kan bulo saboda gara. Ruwa kaɗan-kaɗan, sai saman yashin ya fara bushewa.

Saiwa tana fitowa cikin mako huɗu zuwa takwas. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗoki: reshe ya fitar da sabon ganye a mako na biyu, mutum ya cire roba ko ya ja shi ya duba. Wannan ganyen daga abincin da ke cikin karan ya fito, saiwa ba ta zo ba tukuna. Jira sai ka ga fararen jijiyoyi ta hudar leda. Reshen da ya fara baƙi daga ƙasa ruwa ya yi masa yawa, a cire shi kada ya shafi sauran. Wanda ya yanƙwane daga sama iska ce ta busar da shi. In saiwa ta fito, a riƙa ɗaga robar awa biyu, gobe huɗu, har mako guda, sannan a fara nuna masa ranar safe. Duk ƙullin furen da ya fito a leda a tsinke shi.

7. Wuri da rami

Wardi yana son rana awa shida, kuma ta safe ce ta fi. Gefen gabas na gida shi ne zaɓi na farko. Katangar da ke fuskantar yamma tana tara zafi ta dawo da shi kan shuka har bayan magariba. A nisanci mangwaro, dogonyaro da bishiyar turare da mita huɗu ko biyar, saiwarsu za ta shanye duk abin da ka zuba.

Haƙa rami santimita 50 faɗi, 50 zurfi. Ƙasar sama a gefe ɗaya, jar ƙasar ƙasa a wani gefen. Wurare da dama a Kaduna akwai marmara a ƙasa, saboda haka kafin komai cika ramin da ruwa da yamma. In da safe ruwan yana nan, a fasa marmarar da diga, ko a tada kunya mai tsayin santimita 25 zuwa 30 a shuka a kanta. Wardin da saiwarsa ta kwana cikin ruwa a watan Agusta ba ya tashi.

Gauraya ƙasar sama da bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen taki, in ƙasar mai danƙo ce a ƙara rabin bokitin yashi ko ɓuntun shinkafa da ya ruɓe. Mayar cikin ramin, jiƙa, bar shi mako biyu ya zauna. Taki ya ruɓe ne in ya yi baƙi, yana marmashewa, ba wari, ba zafi in ka tura hannu. Kashin kaji sai ya yi wata uku a tare ana jiƙa shi. Ɗanyensa yana ƙona saiwa cikin kwana kaɗan. A cire tarkacen siminti da buraguzan gini daga ramin, suna sa ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na kore.

Tazara: ɗan Sin mita ɗaya, wardin shayi da Burbon mita ɗaya da rabi, Nuwazet mita uku, kuma rabin mita daga jikin katanga. Wurin zai yi kamar ya yi faɗi da yawa a shekarar farko. A bar shi haka, iskar da ke ratsawa ita ce rabin maganin baƙin tabo.

Mai gidan haya ko mai daɓen siminti ya yi amfani da bokitin fenti mai lita 20 ko babbar tukunyar ƙasa, a huda gindi sosai, a ɗora kan bulo. Ɗan Sin ne ya fi dacewa da tukunya.

8. Dashe

Ƙarshen Mayu zuwa Yuni, bayan ruwa ya zauna. Da yamma ake yi. Jiƙa ledar, yanka ta da reza, kada a zare shukar ta sama. Sa ta daidai zurfin da take a leda, danne, yi ɗan kwari kewaye, zuba bokiti guda. Yi mata inuwa da ganyen dogonyaro ko yankin zana na kwana biyar. In akwai awaki ko tumaki a gidan, shinge ya riga dashe. Ƙaya ba ta hana akuya cin wardi.

9. Ruwa da taki

A gindi ake zuba ruwa, ba a kan ganye ba, da safe. Bokiti guda da zai ratsa ƙasa ya fi yayyafin kullum, wanda ke sa saiwa ta tsaya a sama rana ta ƙona ta. Da hunturu sau biyu a mako, da bazara sau uku, na tukunya kuma kullum. Da damina sai in an yi kwana biyar ba ruwa. Ruwan wanki da na wanke-wanke mai garin sabulu kada ya je gindinsa.

Rufe gindin da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da kara, kuma a riƙa ɗagawa ana dubawa kowane mako. Gara tana bin busasshen abu, in ta gama da shi ta hau kara. In ka ga hanyarta ta ƙasa a jikin kara, kankare, janye ciyawar, barbaɗa toka kaɗan kewaye.

Wata uku na farko ba takin zamani. Bayan haka cokali biyu na cin abinci na NPK 15-15-15, wajen giram 30, kowane mako shida, a zagaye nesa da kara da santimita 25, a rufe da ƙasa a bi da ruwa. Na tukunya rabin haka. Yuriya ita kaɗai tana kawo ganye mai laushi da darɓa, fure kuma kaɗan. A Maris da Afrilu a dakatar da takin zamani gaba ɗaya. Rabin bokitin ruɓaɓɓen taki sau biyu a shekara, farkon damina da kaka, shi ne ginshiƙin abincinsa.

10. Aski

A nan ake kashe tsohon iri da yawa. Mai lambun da ya saba da wardin zamani yakan datse shi har gwiwa. Ɗan Sin da wardin shayi a kan siraran rassan nan suke fure, in aka kwashe su sai shukar ta yi shekara tana jinya, wani lokaci ta mutu. Shekara biyu na farko busasshe da mai cuta kawai ake cirewa. Daga nan, a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, a rage abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, a cire rassan da ke gogar juna, a buɗe tsakiya. Bi da taki da ruwa, bayan mako shida zuwa takwas furen hunturu zai zo, kuma shi ne mafi girma da ƙamshi a shekara.

Yanka rabin santimita sama da idon da ke kallon waje. Guntun da aka bari sama da ido yana bushewa, baƙin ya gangara ƙasa. In ka ga haka, yanka har inda cikin karan yake fari tas, ka goge almakashi da sifirit kafin ka taɓa wata shukar. Nuwazet ba a datse dogayen rassansa. A kwantar da su a ɗaure a gicciye jikin katanga, fure zai fito a tsawon reshen maimakon can ƙoli.

11. Cuta da ƙwari, kowane da lokacinsa

Yuli zuwa Satumba baƙin tabo ne: ɗigo baƙi mai gefe kamar gashi, ganyen ya yi rawaya ya zube, daga ƙasa zuwa sama. Tsince masu tabo da waɗanda suka zube a ƙone, kada a zuba su cikin taki. Ɗan Sin yakan zubar ya sake sabo ba tare da magani ba. Burbon sai an taimaka masa da maganin feshi mai suna mankozeb kowane kwana 10 zuwa 14, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ledar maganin, kuma tun kafin tabon ya bazu, domin maganin kariya yake yi, ba ya goge tabon da ya riga ya fito.

Da hunturu farar hoda kan hau sabon toho har ganye ya nannaɗe. A yanke wurin, a tabbatar gindin bai bushe ba. A bazara kuma, in ganye ya yi fari-fari kamar ƙura ta zauna masa, juya shi: ƙananan jajayen ƙwari ne da siririyar yana. Su ne kaɗai dalilin jiƙa ganye. A watsa ruwa da ƙarfi a ƙarƙashin ganyen da safe, kwana uku a jere, ƙurar hunturu ma ta tafi.

Darɓa tana taruwa a kan toho da ƙullin fure. Daka ƙwayar 'ya'yan dogonyaro giram 50, jiƙa a lita ɗaya na ruwa ta kwana, tace, sa ɗan sabulun ruwa, fesa da yamma, a maimaita bayan mako. Feshin tsakar rana yana ƙona ganye. Furen da aka yi wa feshin maganin kanti kada a sa shi a shayi ko a jiƙa shi don ruwan wardi.

12. Sa masa suna, ka bi shi shekara guda

Kada ka yi saurin laƙaba masa sunan da ka gani a hoton intanet. Furen wardi ɗaya yakan bambanta tsakanin Janairu da Afrilu har ka rantse iri biyu ne. Ba shi sunan inda aka samo shi, kamar Jan Kabala ko Farin Malali, ka rubuta a guntun roba ka ɗaura. Ɗauki hoto biyar a kowane yanayi: ƙullin fure, furen rana ta farko da ta uku, ganye gaba da baya, ƙaya, da shukar gaba ɗaya. Rubuta watannin da ya yi fure da waɗanda ya huta. Da wannan za ka iya tabbatar da dangi, ko da sunan bai samu ba. Idan shukar ta kai shekara biyu, yanko rassa shida a Nuwamba ka kafa, biyu a ajiye a gida, sauran a raba wa masu lambu a wasu unguwanni, saboda in gara ko gini ya ci uwar, irin yana nan a wani wuri.